Tarihin Kawusan, jagoran Abzinawa da ya tsare Faransawa kwana 80 a barikin Agadas

A tsakiyar watan Disamba na shekarar 1916, mayaƙa bisa raƙuma suka sauko daga arewa suka shiga Agadas, ɗauke da bindigogi na zamani da igwar da aka ƙwato daga hannun sojojin Italiya. Kafin Faransawan da ke barikin garin su farga, an kewaye su ta kowace kusurwa. Mutumin da ya jagoranci wannan rundunar shi ne Kawusan, wanda littattafan Faransanci ke rubuta sunansa Kaocen ko Kaoussan. Yaƙin da ya tayar shi ne mafi girma da Turawan mulkin mallaka suka fuskanta a ƙasar da daga baya ta zama Jamhuriyar Nijar, kuma raɗaɗinsa ya kai har Adar, Damargu, Kano da Sakkwato.

Asalinsa da ƙasar da ya taso a ciki

An haifi Kawusan wajajen shekarar 1880 a Damargu, ƙasar da ke tsakanin Damagaram da duwatsun Abzin. Ba'abzine ne daga zuriyar Ikazkazan. Rayuwar mutanensa ta dogara ne kan raƙumi da ayari. Kowace shekara dubban raƙuma kan keta Tenere zuwa Bilma da Fashi su ɗauko gishiri da dabino, su gangara ƙasar Hausa su musanya da gero, tufafi da fatu. Wanda ya riƙe wannan hanya, shi ya riƙe arzikin yankin.

Yana saurayi Turawa suka iso. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni. A wannan shekarar Damagaram ta faɗa hannun Faransa, kuma wata rundunar ƙarƙashin Foureau da Lamy ta keta Sahara daga Aljeriya ta bi ta Agadas.

Adar da Gobir Tudu sun shiga cikin lamarin da wuri saboda dalilin taswira. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta bai wa Ingila duk ƙasar da ke cikin tazarar mil 100 daga Sakkwato. Wannan ya tilasta wa Faransawa, idan za su tafi Damagaram daga bakin kogin Kwara, su yi zagaye ta Tawa. Hanyar kuwa ta bi ta makiyayar Abzinawan Kel Geres da ke zaune a yankin Madawa. Kel Geres suka tare su da takubba da masu. A 1901 aka gwabza a Zangebe, aka sake gwabzawa a Galma, wadda a yau take cikin gundumar Madawa. Bindiga ta yi rinjaye, mahaya da yawa suka kwanta dama. Wasu gidajen sarauta, kamar Lisawan na Keita, sun zaɓi sulhu da baƙin. Wasu mutanen kuma suka ga cewa zama ƙarƙashin Nasara ba zai yiwu ba, suka ɗaure kaya suka nufi gabas. Kawusan yana cikin waɗanda suka yi wannan hijira.

Shekarun gudun hijira

A gabas, a Kanem da Borku da ke cikin Chadi ta yau, masu hijirar sun tarar da ɗariƙar Sanusiyya. Shehu Muhammad bin Ali as-Sanusi ne ya kafa ta a Makka a 1837, ta bazu a Sahara ta hanyar zawiyoyi inda ake karatu, ake saukar da fatake, ake kuma ajiye makamai. Lokacin da Faransa ta matsa wajen tafkin Chadi, Sanusiyya ce ta tsaya mata a gaba. Zawiyar Bir Alali ta faɗi a 1902 bayan faɗa mai tsanani wanda Abzinawa masu hijira suka zubar da jini a cikinsa.

A wannan fagen Kawusan ya goge. Ya karɓi ɗariƙar a 1909, shugabanninta suka yarda da shi har suka ba shi riƙon mayaƙa a yankin Ennedi. Da Faransawa suka matsa masa ya ratsa zuwa Darfur, ƙasar Sarki Ali Dinar, daga baya ya koma arewa ya shiga Fezzan, kudancin Libiya.

Abin da ya koya a waɗannan shekaru shi ne ya bambanta shi da jaruman Galma. Ya ga yadda takobi da garkuwar fata suka gaza a gaban bindiga mai harsashi da yawa. Ya fahimci cewa sai an sami makami irin na abokin gaba, da mayaƙa masu horo da ke jin umarni, kafin a yi maganar nasara.

Dama ta samu

Italiya ta mamaye Libiya a 1911, amma riƙon da ta yi wa Fezzan bai yi ƙarfi ba. A ƙarshen 1914 mayaƙan Sanusiyya da ƙabilun yankin suka fatattaki sojojinta, suka bar bindigogi, harsasai da igwa a baya. A daidai lokacin, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Daular Usmaniyya ta shiga ɓangaren Jamus, kuma a watan Nuwamban 1914 aka shelanta jihadi daga Istanbul a kan Ingila, Faransa da Rasha. Faransa ta kwashe hafsoshi da sojoji da yawa daga Afirka zuwa fagen daga a Turai, barikokin Sahara suka rage mutane.

A gida kuma tura ta kai bango. Fari da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba, sun kashe mutane da dabbobi. Duk da haka haraji bai tsaya ba, kuma Faransawa sun ci gaba da ƙwace raƙuma don jigilar kayan soja. Ayarin gishiri ma ya koma tafiya da rakiyar soja, a lokacin da hukuma ta ga dama. A farkon 1916 Firhun, shugaban Iwillimidan na yamma, ya tsere daga tsare a Gawo ya ɗaga tuta. Ya kai hari Filinge a watan Afrilu, aka karya rundunarsa a Andarambukan a watan Mayu, aka kashe shi a watan Yuni.

Ba a Sahara kaɗai aka yi irin wannan lissafi a 1916 ba. Ranar 24 ga Afrilu, 'yan kishin ƙasar Ireland ƙarƙashin Patrick Pearse da James Connolly suka kama manyan gine-gine a birnin Dublin suka shelanta jamhuriya, suna ganin Ingila ta shagala da yaƙi. Su ma sun sa rai ga makaman Jamus, amma jirgin ruwan da ya ɗauko su bai sauke kayansa ba. Cikin kwana shida aka murƙushe su. Daga Dublin har Agadas tunanin guda ne: mai mulkin mallaka yana fama da wuta a gidansa, yanzu ne lokacin yunƙurawa.

Kawusan yana da abokin sirri a cikin gida, wato Sarkin Abzin Abdurrahman Tagama. A fili Tagama mai biyayya ne ga Faransawa, sun kuma amince da shi matuƙa. A ɓoye kuwa saƙonni na kai da komo tsakaninsa da Kawusan, yana shirya ƙabilun Abzin don ranar da za a tashi.

Ƙawanyar Agadas

Da rundunar ta iso a watan Disamba, Tagama ya fito fili ya mara mata baya. Kyaftin Sabatié da sojojinsa, waɗanda ba su kai ɗari ba kuma galibinsu 'yan Afirka ne, suka kulle kansu cikin bariki a gefen gari. A ƙarshen watan, ayarin gishiri da ke dawowa daga Bilma ya faɗa tarko kusa da Agadas, aka hallaka mafi yawan sojojin rakiyarsa. Ingal ta shiga hannun masu tawaye. Ƙabilu suka riƙa kwararowa, har da Alkhurer, shugaban Kel Dinnik na Azawak da ke arewa da Tawa.

Labari ya girgiza Damagaram, wadda ita ce hedikwatar mulkin soja na yankin a lokacin. Tsoron Faransawa shi ne wutar ta gangaro kudu ta kama Adar da ƙasar Hausa, ta katse hanyar da ta haɗa kogin Kwara da tafkin Chadi. Suka nemi agaji daga Ingila. Gwamnatin Lugard a Najeriya, wadda ita ma take fargabar kiran jihadi ya tsallaka iyaka, ta tura sojoji daga Kano da Sakkwato suka shiga ƙasar Faransa don tsare garuruwan kudu. An kuma bar dakarun Faransa su bi ta Legas su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan su taka zuwa Damagaram. Turawan da suka daɗe suna gardamar iyaka sun haɗa kai cikin 'yan makonni da abin ya taɓa su duka.

A Agadas kuwa barikin ya ƙi faɗuwa. Igwar ta yi ta ruwan wuta amma ba ta rushe ganuwar ba, hare-haren da aka kai kuma bindiga mai sarrafa kanta ta mayar da su baya. Kowace rana da ta wuce riba ce ga waɗanda ke ciki. Ranar 3 ga Maris, 1917, rundunar Laftanar Kanar Mourin da ta taso daga Damagaram ta iso Agadas bayan gumurzu a hanya. Kimanin kwana 80 ke nan da fara ƙawanyar. Kawusan da Tagama suka janye zuwa cikin duwatsu.

Ramuwar gayya

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi zama a zukatan mutanen yankin. Sojojin Faransa sun kashe malamai da dattawan Agadas da suka taru a masallaci suna neman aminci. An yi kisa makamancin wannan a Ingal. A Azawak ma an hallaka manyan Kel Dinnik da dama a 1917, ƙarfinsu bai sake komawa yadda yake ba. An ƙwace garken raƙuma, an lalata lambuna da rijiyoyi, an kwashe mutane daga ƙauyukan duwatsu domin kada masu tawaye su sami abinci ko mafaka.

Kawusan ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe a Abzin har shekara guda. Amma harsashi na ƙarewa, babu kuma mai aiko da wani. Wasu ƙabilun sun miƙa wuya saboda yunwa. Musa ag Amastan, shugaban Abzinawan Hoggar, ya tsaya a ɓangaren Faransa ya shiga farautarsa. A farkon 1918 Kawusan ya bar Abzin ya nufi Tibasti, daga can ya koma Fezzan yana neman makamai da sababbin abokai. Fezzan ɗin da ya tarar ta rabu gida-gida, tsoffin abokan tafiya sun zama abokan gaba. A can aka kama shi, aka rataye shi a Murzuk a watan Janairun 1919. Bai kai shekara 40 ba bisa ƙiyasin haihuwarsa, kuma ba hannun Bafaranshe ne ya kashe shi ba.

Tagama ya shiga hannu a 1919. A 1920 aka kashe shi a cikin kurkuku a Agadas ba tare da an yanke masa hukunci a kotu ba.

Abin da ya bari

A Ireland, kisan da Ingila ta yi wa jagororin tawayen 1916 su 16 ya juya zukatan jama'a. Aka shiga sabon yaƙi daga 1919 zuwa 1921, kuma a 1922 mafi yawan tsibirin ya sami gwamnatin kansa. A Abzin sakamakon ya sha bamban. Babu jaridu da za su kai kukan Agadas duniya, babu zaɓe da jama'a za su huce haushinsu a cikinsa, babu kuma 'yan uwa masu kuɗi a Amurka kamar yadda 'yan Ireland suke da su. A shekarar 1922 ɗin da Dublin ta karɓi mulki, a ita ce Faransa ta mayar da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, aka jira har 1960 kafin samun 'yanci.

Yaƙin ya sauya taswirar jama'a. Abzin ta yi asarar mutane da dabbobi masu yawa, Agadas ta zama kamar kufai na tsawon shekaru. Iyalai da dama sun gangara Damargu, Adar, Katsina, Kano da Sakkwato, wasu suka zauna ke nan, jikokinsu suka tashi da Hausa a baki.

Har yau ba a daina muhawara a kansa ba. Rahotannin Faransawa sun ɗauke shi ɗan amshin shatan Turkiyya da Jamus. Masanin tarihi ɗan Nijar André Salifou ya wallafa littafi a kansa a 1973, wanda ya taimaka wajen dawo da shi cikin tarihin ƙasa a matsayin jagoran turjiya. Masu yaba masa na nuni da cewa ya haɗa ƙabilun da suka saba faɗa da juna ƙarƙashin tuta ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Masu suka kuma na tuna cewa mayaƙansa ma sun ƙwaci dukiyar waɗanda suka ƙi bin su, kuma talakawan da ba a shawarta ba su suka biya farashi mafi tsada. Akwai kuma bayi da barori na wancan zamani, waɗanda komawa tsohon tsari ba lallai ya zama alheri a gare su ba.

Wanda ya je Agadas a yau zai ga gidan da ake dangantawa da Kawusan daura da babban masallaci mai doguwar hasumiya, an mayar da shi masaukin baƙi mai suna Hôtel de l'Aïr. Wata makarantar sakandare a garin tana ɗauke da sunan Tagama. Tsohon garin kansa ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Galma kuwa, inda Kel Geres suka tari bindiga da takobi shekara 15 kafin ƙawanyar Agadas, manoma da makiyaya ne ke ci gaba da harkokinsu a filin da aka yi yaƙin.