Ernest Henry, mai zanen injin da ya sauya tseren motoci

A watan Yunin 1912, a gasar Grand Prix ta Faransa da aka yi a Dieppe, wata motar Peugeot mai injin lita 7.6 ta kayar da manyan motocin Fiat waɗanda injinsu ya haura lita 14. Direbanta, Georges Boillot, shi ya sha tafi. Wanda ya zana injin kuwa, Ernest Henry, ba kowa ya san da shi ba.

An haifi Henry a birnin Geneva a 1885. Ya fara sana'a da injinan ƙananan jiragen ruwa, daga baya ya koma Faransa, inda ya haɗu da direbobin Peugeot uku, Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, waɗanda suka shawo kan kamfanin ya bar su su ƙera motar tsere da kansu. Injiniyoyin kamfanin sun raina su, har suka laƙaba musu sunan 'yan damfara.

A wancan zamani, wanda ke neman gudu girman inji yake ƙarawa. Henry da abokansa suka bi wata hanya. Suka ba kowace silinda bawul huɗu a karkace, biyu na shigar da iska da mai, biyu na fitar da hayaƙi, suka ɗora sanduna biyu masu buɗe su da rufe su a saman injin. Da haka injin ya samu wadatar iska, ya riƙa juyawa da sauri, ƙarami ya yi aikin babba. Masana tarihi na saɓani kan rabon kowa a wannan dabara, amma hannun Henry ne ya mayar da ita zane.

A 1913 Goux ya lashe tseren Indianapolis a Amurka da Peugeot. Can ne Harry Miller ya samu damar kwance irin wannan inji don gyara, kuma daga aikinsa aka samu injin Offenhauser, wanda ya ci gaba da lashe wannan tsere har 1976. Yau tsarin ya zama ruwan dare a motocin gida.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Henry ya zana wa kamfanonin Ballot da Sunbeam motocin tsere, sannan tauraronsa ya dusashe. Ya rasu a Paris a 1950, cikin ƙuncin rayuwa.