William Herschel: Makaɗin da Ya Goge Madubi Har Ya Hango Sabuwar Duniya

A cikin shahararrun masana taurari da muke koyarwa a ajin kimiyya, akwai wani wanda bai taɓa shiga jami'a ba. Sunansa William Herschel. An haife shi a Hanoba ta ƙasar Jamus ranar 15 ga Nuwamba, 1738. Mahaifinsa mabushi ne a ƙungiyar badujalar soja, shi ma ya gaji sana'ar. A 1757 ya ƙaura zuwa Ingila, a 1766 kuma ya sami aikin kiɗa a wata majami'a a garin Bath.

Can ne sha'awar taurari ta kama shi. Na'urar hangen nesa tana da tsada ƙwarai a lokacin, saboda haka ya ƙudura ya ƙera tasa, irin wadda Isaac Newton ya ƙago, wato mai tattara haske da madubi mai zurfi kamar kasko. Madubin ba na gilashi ba ne. Jan ƙarfe ake narkawa, misalin kashi biyu cikin uku, a haɗa da kuza, a zuba, sa'an nan a yi ta gogewa har ya yi ƙyalli.

To, a nan wahalar take. Irin wannan ƙarfe ba ya daɗewa sai raɓa da danshi su dusashe shi. Maganinsa kawai a sake gogewa, amma kowace guga tana cin jikin ƙarfen, tana iya ɓata siffarsa. Siffa kuwa in ta kauce ko da ƙasa da kaurin gashi, sai tauraro ya fito dishi-dishi. Ke nan tsabtace madubi kusan sake ƙera shi ne. Wata rana Herschel ya yi awa 16 bai ɗaga hannu daga guga ba, ƙanwarsa Caroline tana sa masa abinci a baki.

Haƙuri bai faɗi ƙasa banza ba. Ranar 13 ga Maris, 1781, da na'ura mai madubin da faɗinsa bai fi inci 6 da kaɗan ba, ya hango duniyar da muke kira Yuranus, ta farko da aka gano da na'ura. Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya bar kiɗa ya rungumi taurari.

A 1789 ya gama wata katafariyar na'ura a garin Slough, tsawonta ƙafa 40, faɗin madubinta inci 48. Madubi biyu ya zuba mata, don in ana goge ɗaya a yi aiki da ɗayan. Duk da haka ɗawainiyar ta yi yawa, har yawancin bincikensa da ƙaramar na'ura mai ƙafa 20 ya yi shi. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1822.

Sai wajen 1857 aka soma shafa azurfa a kan gilashi, daga baya kuma alminiyam. Yanzu in madubi ya dushe, shafen ake wankewa a sa sabo, siffar gilashin ba ta taɓuwa. Amma har yau ba a share shi da busasshen tsumma, domin ƙura tana karce shi. Hure ta ake yi, ko a ɗauraye a hankali da tataccen ruwa.

Ɗalibai, mukan ɗoki sabon kaya, mu yi sakaci da kula da wanda ke hannu. Mu tuna daren da aka gano Yuranus ɗaya ne tak, amma kwanakin guga ba su ƙidayuwa.