Sayyidina Hubaib Ɗan Adiyyu, Shahidin Tan'im

A wannan mako za mu tuna da Sayyidina Hubaib ɗan Adiyyu, Allah Ya yarda da shi, barde daga mutanen Madina na ƙabilar Ausu.

A watan Safar, shekara ta 4 bayan Hijira, wato 625 Miladiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki sahabbai goma ƙarƙashin Asimu ɗan Sabitu. Da suka kai Raji'i sai Banu Lihyana suka yi musu ƙawanya, suka kashe Asimu da waɗansu. Hubaib kuwa aka yaudare shi da alkawarin aminci, aka ɗaure shi, aka sayar da shi a Makka ga 'ya'yan Harisu ɗan Amiru, don su ɗauki fansar ubansu da aka kashe a Badar.

Yana tsare ya ari aska. Sai ɗan jinjirin gidan ya rarrafo, ya hau cinyarsa. Uwar ta firgita, amma Hubaib bai taɓa yaron ba, alhali ya san kisa ke jiransa.

Da aka fitar da shi Tan'im, wajen Harami, ya roƙi a bar shi ya yi raka'a biyu. Ya taƙaita su, kada a ce tsoron mutuwa ne. Shi ne farkon wanda ya sunnanta wannan salla. Nan aka kashe shi, ya yi shahada.

Alhazanmu masu ɗaukar haramar Umra a Masallacin A'isha, ku sani nan ne Tan'im. Allah Ya ba mu irin amanarsa, amin.