John da Jessie Frémont: Shi ya keta daji, ita ta gina suna

A daren 10 ga Satumba, 1861, wata mata ta isa fadar White House bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa daga birnin St. Louis. Wasiƙar mijinta ce a hannunta, kuma Shugaba Abraham Lincoln take son gani. Mijin, Janar John Frémont, ya ba da umarnin 'yanta bayin 'yan tawaye a jihar Missouri ba tare da ya tuntuɓi shugaban ƙasa ba, ita kuwa ta zo kare wannan mataki. Lincoln ya saurare ta ba tare da sakin fuska ba, washegari ya soke umarnin. Sunan matar Jessie Benton Frémont, kuma shekara ashirin ke nan tana magana da yawun mijinta a wuraren da ba a saba jin muryar mace ba.

An haifi John Charles Frémont a Savannah da ke jihar Georgia a 1813. Mahaifinsa Bafaranshe ne ɗan gudun hijira, kuma ba a ɗaura wa iyayensa aure ba, tabon da ya bi shi har cikin siyasa. Jessie kuwa 'yar manyan gida ce. An haife ta a 1824, mahaifinta shi ne Sanata Thomas Hart Benton na Missouri, jigon masu son Amurka ta faɗaɗa har zuwa gaɓar tekun Pasifik. A gabansa ta tashi, tana karatu a ɗakin littattafansa tana sauraron muhawarar manya. Da ta kamu da son matashin hafsa mai zana taswira, iyayenta suka ƙi. A Oktoban 1841 suka yi aure a ɓoye, tana da shekara 17. Da fushin Benton ya huce, sai ya ga surukin nan zai iya zama ƙafar da manufarsa za ta taka.

Da goyon bayan sanatan, Frémont ya jagoranci tawagar gwamnati zuwa tsaunukan Rocky a 1842, tare da ɗan jagora Kit Carson. A 1843 ya sake fita: ya kai tafkin Great Salt Lake da yankin Oregon, ya ƙetare tsaunukan Sierra Nevada cikin dusar ƙanƙara zuwa Kalifoniya. Ba shi ya gano waɗannan hanyoyi ba, domin ƙabilun asalin ƙasar da maharba sun daɗe suna bin su. Abin da ya ƙara shi ne awo da taswira, sai kuma labari.

A nan hannun Jessie ya shigo. Idan ya dawo gida sukan zauna tare, yana faɗi tana rubutawa tana gyarawa, har busasshen rahoton gwamnati ya zama abin da ake karantawa kamar littafin hikaya. A 1845 majalisar dokoki ta sa aka buga kwafi 10,000, jaridu suka yi ta tsakuro shi. Masu ƙaura zuwa yamma suka riƙe shi tamkar jagora, ciki har da mabiya ɗariƙar Mormon da suka sauka kusa da Great Salt Lake a 1847.

Sai dai labarin da ya yi farin jini bai ɗauki komai da komai ba. A tafiyarsa ta uku, cikin Afrilun 1846, mutanen Frémont sun kashe ɗimbin 'yan asalin ƙasar a bakin kogin Sacramento, a watan da ya biyo baya kuma suka ƙona wani ƙauyen ƙabilar Klamath. Ya sa hannu a boren da ya taimaka wajen raba Kalifoniya da Meksiko, sannan ya yi taurin kai ga Janar Stephen Kearny. Kotun soja ta same shi da laifi a 1848. Shugaba James Polk ya ɗage hukuncin kora, amma Frémont ya ajiye aiki cikin fushi. A hunturun da ya biyo baya, mutum goma suka mutu a wata tafiya da ya dage sai an yi ta cikin tsaunukan San Juan. Duk da haka sunan bai dusashe ba. Aka sami zinariya a filinsa na Mariposa, kuma a 1850 ya zama ɗaya daga cikin sanatoci biyu na farko na jihar Kalifoniya.

A 1856 sabuwar jam'iyyar Republican, wadda aka kafa domin hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna, tana neman ɗan takarar da kowa ya sani amma ba shi da dogon tarihin siyasa da za a tona. Frémont ya dace da wannan gurbi, ya zama ɗan takararta na farko na shugaban ƙasa. Jessie ta riƙe wasiƙun yaƙin neman zaɓe, ta taimaka wajen tsara tarihin ɗan takarar, aka sa sunanta a tutoci da waƙoƙi, abin da ba a saba yi wa matar ɗan takara ba. 'Yan adawa suka tono asalin haihuwarsa, suka kuma yaɗa ƙaryar cewa shi ɗan Katolika ne. Mahaifinta da kansa ya goyi bayan James Buchanan, wanda ya yi nasara da ƙuri'un wakilai 174. Frémont ya sami 114 daga jihohi 11 na arewa, ya share fagen da Lincoln ya ci zaɓe a kai bayan shekara huɗu.

Yaƙin basasa ya nuna iyakar suna. Umarnin da ya bayar a Missouri ranar 30 ga Agusta, 1861 ya riga shelar 'yanta bayi ta Lincoln da fiye da shekara guda, amma shugaban yana tsoron kada jihohin kan iyaka irin su Kentucky su koma wajen 'yan tawaye. Ga zargin almundahana a kwangilolin rundunarsa, ga rauni a fagen daga. A Nuwamban 1861 aka sauke shi.

Bayan yaƙi dukiyar ta narke a harkar layin dogo. Jessie ta koma ga alƙalami, wannan karon da sunanta, tana rubuta maƙaloli da littattafai domin ciyar da gida. Frémont ya yi gwamnan yankin Arizona daga 1878 zuwa 1881, ya rasu a New York a Yulin 1890 ba tare da ya bar abin kirki ba. Majalisa ta yanka wa Jessie fansho, matan Kalifoniya suka haɗa kuɗi suka samar mata gida a Los Angeles, inda ta rasu a Disamban 1902.

A yau garuruwa da tsaunuka da tituna da dama a Amurka suna ɗauke da sunan Frémont. Matar da ta gina wannan suna, ta tsaya masa a yaƙin zaɓe, ta fuskanci shugaban ƙasa dominsa, ba ta taɓa zaɓen shugaban ƙasa ba. Sai a 1911 matan Kalifoniya suka sami wannan 'yanci, shekara tara bayan rasuwarta.