SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA ZURIYARSA A ZAMANIN RIBAƊI



Kwanan baya bayan sallar asuba wani matashi ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya shaida mini cewa su jinin Sarkin Musulmi Bello ne. Na tambaye shi ta wane ɗa suka fito, sai ya yi shiru. Na sake tambayarsa ina kabarin kakan nasa yake, ya ce Sakkwato. To, ba a Sakkwato yake ba. Wannan ne ya sa na koma littattafai na rubuta abin da ke tafe.

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, shi ne kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a.

A nan ne darasin yake. Cin Alƙalawa bai kawo zaman lafiya ba. Gobirawa da Kabawa da Azbinawa sun ci gaba da kai hari a gefen daular. Sai Bello ya shiga kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, masu ganuwa da masallaci da makaranta da gonaki. Ya zaunar da Fulani makiyaya a cikinsu, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan uwansa a kansu, wato ya tura nasa jinin inda haɗarin ya fi yawa. Shi kansa ya bar birnin da ya gina ya tare a ribaɗin Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba: marubucin Infaƙul Maisuri ya yi rubutu a kan shugabanci, da ribaɗi, har da magani. A 1836 ya jagoranci yaƙin Gawakuke da kansa, shekara ta zagayo Allah Ya karɓi ransa a Wurno, a 1837. Can hubbarensa yake har yau.

Cikin 'ya'yansa huɗu sun zama Sarkin Musulmi: Aliyu Babba, Aliyu Ƙarami, Abubakar Atiku na Raɓa, da Mu'azu. Ta wurin Atiku na Raɓa Sardauna Ahmadu Bello ya fito, jikansa ne. Ta wurin wani ɗan nasa, Sa'idu, aka sami Hayatu, wanda ya yi ƙaura zuwa Adamawa ya zauna a Balda, cikin Kamaru ta yau.

Shi ya sa na ce wa matashin nan ya je wurin dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowannensu ya zauna. Sanin nasaba yana taimakon zumunci. Amma fa nasaba ba ta ɗaga wanda aikinsa ya kwantar da shi. Abin da Bello ya bar wa 'ya'yansa aiki ne a bakin daga, kuma gadon ke nan da ya kamata a nema.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa mu da su a Aljanna. Amin.