Alhaji Umaru Na Kete-Karaci, Malamin Da Ya Rubuta Annobar 1918

Duk Bahaushen da neman abinci ya fitar da shi daga gida ya kai shi kurmi, ya kamata ya san labarin Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Limamin Kete-Karaci ta ƙasar Ghana. Shi ma baƙo ne ya zauna cikin mutanen da ba nasa ba har ya rasu a can. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa shi ne duk masifar da ta sauko wa jama'arsa, ko yaƙi ko talauci ko annoba, sai ya ɗauki alƙalami ya tsaya tare da su.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro, watau daga Kano zuwa Salaga, tafiyar da takan ci watanni a ƙasa da jakuna. Umaru ya yi karatun allo da na littattafai a Kano, ya ƙara a wajen malaman ƙasar Sakkwato, yana kuma bin ayari, har ya san hanya da mutanenta. Tun yana saurayi ya tsara wani littafi na Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa, wanda daga baya aka buga shi a Alƙahira.

Daga bisani ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta zamanin. Amma a shekarar 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja, garin ya watse, fatake suka bazu. Da yawa suka gangara Kete, zangon baƙi da ke kusa da Karaci a bakin kogin Balta, shi ma Malam Umaru can ya koma wajen 1896. A lokacin Jamusawa ke riƙe da wurin a cikin ƙasarsu ta Togo, kuma a zamaninsu ne ya zama limamin garin. Wani Bajamushe mai mulki a can, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurinsa. Shi ne Malam ya rubuta wa labaran ƙasar Hausa da ajami, tarihinta da sana'o'inta da al'adunta. A 1913 ya tafi aikin hajji, a shekarar da ta biyo kuma Ingilishi suka karɓe yankin daga hannun Jamus.

To, ana cikin ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ga babbar annobar mura, wadda tsofaffi a ƙasar Hausa ke kira marisuwa. Jiragen ruwa ne suka kawo ta Afirka ta Yamma. Ta sauka a Saliyo cikin Agusta 1918, kafin watan Satumba ya yi nisa ta shiga Akara da Ikko. Daga bakin teku ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake ta yi arewa, har Kumashi da Tamale a can, har Kano a nan. Hanyar da ke kawo goro da gishiri ita ce ta kawo ciwo. Mutum zai tashi lafiya lau, kafin dare zazzaɓi da ciwon kai da tari sun kwantar da shi, cikin 'yan kwanaki ciwon ya sauka ƙirji. Abin tashin hankali kuma, ta fi ɗaukar majiya ƙarfi, samari da 'yan mata da mata masu ciki. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum kamar 100,000 ne suka mutu a ƙasar Ghana, kamar 500,000 a Nijeriya, a duniya duka kuwa wajen miliyan 50.

Ba likitan da ke da maganinta, Bature ko baƙar fata, don ƙwayar cutar ma sai a 1933 aka gano ta. Abin da kan ceci mai ciwo shi ne jinya kurum: a samu mai ba shi ruwa da kunu, a rufa shi, a bar shi ya huta. Wannan kuwa shi ne abin da baƙo ya fi rasawa. Mutumin zango ya baro uwa da dangi a Kano ko Katsina, in ya kwanta ba shi da kowa sai mai masaukinsa da maƙwabta da malamin unguwa. Addini ya riga ya shimfiɗa musu hanya: kada a shiga garin da annoba take, wanda ke ciki kada ya fita, a duba marar lafiya, wanka da sutura da salla ga mamaci kuwa farilla ce a kan jama'a, ko an san danginsa ko ba a sani ba.

A kan wannan annoba Alhaji Umaru ya tsara wata ƙasida da Larabci, amma sunanta na Hausa ne, Tunkuyau. A ciki ya sifanta yadda ciwon ke kama mutum, sa'an nan ya mai da al'amari ga Allah da roƙon sauƙi. Rahotannin Turawa sun ƙidaya gawa, ita kuwa ƙasidar tana cikin 'yan rubuce-rubuce kaɗan da suka nuna yadda mutanen ƙasa da kansu suka ga abin. Wanda ya san sauran ayyukansa ba zai yi mamaki ba. Shi ne mai Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulakanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Ya kuma yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara da yadda garuruwa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Tawakkalinsa bai sa ya kau da kai daga wahalar mutane ba.

Ya ci gaba da karantarwa a Kete-Karaci, almajiransa suka bazu a zangunan Ghana da Togo, da yawansu suka zama limamai da malamai. Allah Ya yi masa rasuwa a 1934. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Balta ya shanye tsohon garin, aka mai da mutanensa sabon wuri. Rubuce-rubucensa dai sun tsira, domin Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara da yawa daga hannun almajiransa, masana a Turai da Amurka kuma sun fassara waɗanda ya rubuta wa Mischlich.

Annoba ba ta daina zuwa ba, an ga kwalara da sanƙarau, an ga korona a 2020. Mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da Idi-Araba sun san har gobe ɗan zango in ya kwanta maƙwabci ne uwa da ubansa. Allah Ya ji ƙan Alhaji Umaru, Ya kyauta makwancinsa, amin.