Mariya Kuri da Yadda Ta Yi Karatunta

Yawancin waɗanda suka ji sunan Mariya Kuri sun san ta ne saboda radiyam, watau sinadarin nan da ita da mijinta suka gano, wanda likitoci suka daɗe suna ƙone ciwon daji da shi. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina cikin tarihinta shi ne shekarun da ta yi tana ɗaliba, don su ne suka fi kusa da halin da mu ke ciki a kwaleji.

An haife ta a birnin Warso na ƙasar Folan ran 7 ga Nuwamba, 1867. Ubanta malamin lissafi ne da fiziks. A zamanin nan Warso tana hannun Rasha, jami'ar birnin kuwa ba ta karɓar mata. Mariya ta gama sakandare a 1883 har da lambar zinariya, amma babu inda za ta ci gaba, babu kuma kuɗin fita waje. Sai suka ƙulla shawara da yayarta Buronya. Yayar za ta tafi Faris, babban birnin Faransa, ta koyi aikin likita, Mariya ta yi aiki ta riƙa aika mata da kuɗi. In ta gama, ita kuma ta ɗauki nauyin ƙanwarta.

Saboda haka a 1886 Mariya ta tafi wani ƙauye tana koyar da 'ya'yan wasu masu hali, ta yi wajen shekara uku can. Bayan wannan kuma takan tara 'ya'yan talakawa ta koya musu karatu da harshen Folan, abin da hukumar Rasha ta hana. Sai dare ya yi sa'an nan ta ke samun sukunin buɗe nata littattafan. A nan ne ta tsiri wata dabara wadda na ga ta dace da mu. Ba ta yarda ta kwana a kan fanni guda har kanta ya toshe. In ta gaji da wannan littafi sai ta ɗauki wani. In kuwa ta ga idonta na bin layi amma hankalinta ya tafi yawo, sai ta rufe littafin duk, ta kama lissafin aljabara. Dalilinta shi ne, mutum ya iya ruɗin kansa cewa yana karatu alhali ba ya yi, amma lissafi ba ya yarda da wannan. Ko amsa ta fito, ko ba ta fito ba.

Cikin Nuwamba 1891 ta isa Faris, ta shiga jami'ar Sobon tana da shekara 24, watau shekara takwas rabonta da aji. To, a nan ta gamu da abin da ya kan karya zuciyar ɗalibi. Ita da ta saba zama ta ɗaya, sai ta tarar samarin Faransa sun fi ta tushe a lissafi da fiziks nesa ba kusa ba. Faransancin ma da ta ke tsammani ta iya, in malami ya yi sauri sai wasu maganganun su wuce ta. Wani da ya ga haka sai ya ce malamai ne ba su iya koyarwa ba, ko kuwa ya ɓoye jahilcinsa don kada a yi masa dariya. Ita sai ta auna inda giɓinta ya ke, ta koma ta cike shi daki-daki. Kullum kuma a layin gaba ta ke zama don kada kalma ta kuɓuce mata.

Da farko a gidan yayarta ta sauka. Gida ne mai daɗi, ga abinci, ga baƙi 'yan ƙasarsu suna ta hira da kiɗa har dare, ga shi kuma da nisa daga jami'a. Da ta lissafta lokacin da hanya da hira ke cinye mata, sai ta kwashe kayanta a 1892 ta kama ɗan ƙaramin ɗaki kusa da makaranta. Da yamma takan tafi ɗakin karatu na jama'a inda akwai haske da ɗumi, ta zauna har a rufe da ƙarfe goma, ta komo ta kunna fitilar kananzir ta ci gaba.

Kuɗinta bai wuce faran uku a yini ba, a ciki za ta biya haya da abinci da gawayi. Da hunturu har ruwa ya kan daskare a cikin ɗakin. Burodi da shayi su ne yawancin cimarta, har wata rana ta faɗi sumammiya. Mijin yayarta, wanda shi ma likita ne, ya zo ya ɗauke ta, suka yi ta ɗura mata abinci kwana da kwanaki kafin ta farfaɗo sosai. Masu ba da labarinta suna son su tsaya a nan su yi ta yabo, amma ni ban ga abin yabo ba. Talauci ne ya jawo rabin wannan wahala, sauran rabin kuwa sakaci ne da jiki. Yunwar ba ta ƙara mata maki ko ɗaya ba, sai ma kwanakin karatu da ta ci mata. Masu cika baki da goro su kwana ido biyu ana jibi jarrabawa, kada su ce da ita suka yi koyi. Ita tun farkon shekara ta ke aikinta kullum.

A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fiziks. Duk da haka ta san lissafinta bai kai yadda aikin bincike ke bukata ba, sai ta sake komawa, a 1894 ta zo ta biyu a digirin lissafi. Wannan shekara ta yi ta ne da taimakon rubul 600 da wata gidauniya ta ƙasarsu ta ba ta. Ba rance ba ne, amma da ta fara samun kuɗin aikinta sai ta mayar musu, don wani ɗalibin ya amfana.

Ta auri Piyar Kuri a 1895, a 1896 kuma ta zo ta ɗaya a jarrabawar zama malamar sakandaren 'yan mata. Daga 1900 ta koyar a kwalejin horon malamai mata da ke Sebar, kusa da Faris, inda ta sa ɗalibanta su riƙa gwada abubuwa da hannunsu, ba haddar littafi kaɗai ba. Sun gano radiyam a 1898. Ta sami lambar Nobel a 1903 tare da mijinta da wani masani, bayan rasuwar mijin a 1906 ta gaji kujerarsa a Sobon, ta kuma sake samun lambar ita kaɗai a 1911. Ta rasu ran 4 ga Yuli, 1934, da ciwon jini wanda a ke danganta shi da hasken sinadaran da ta daɗe tana aiki da su. Littattafan da ta ke rubuta gwaje-gwajenta suna Faris a cikin akwatunan darma, don har yanzu suna fid da wannan haske.